Tsumman Iya Paraskiva

Shekarata goma sha tara ina nas a motar asibiti, kuma ba lokacin da na tsana kamar bayan girbi. Lokacin ne kowane gida a ƙauyukanmu ke dafa tsuika, giyar 'ya'yan itace, wari ya cika gari har hancin mutum ya daina aiki.

Ranar Talata da hantsi aka kira mu wani gida a bayan coci. Iya Paraskiva ta tare mu a ƙofa da jikanta Tudorel a hannu, ɗan shekara biyu, ya yi laƙwas. Uwarsa na Italiya tana jinyar tsofaffin wasu.

"Zazzaɓi ne tun jiya, 'yar nan. Da safe ya sauka, na gode wa Allah. To amma ya ƙi tashi."

Na taɓa shi, jikin sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa goshinsa. Na mintsine shi, ko motsi.

"Me kika ba shi, Iya?"

"Shayi kawai."

"Magani fa? Ko faɗuwa ya yi?"

"Haba! Ina zaune zai faɗi?"

Ba ƙarya ta yi mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Abin da na tambaya shi ta amsa.

Muka ɗauke su, Gavrila direba ya kunna jiniya, ga kilomita arba'in tsakaninmu da asibitin yara. Sai da ƙauyen ya ɓace a bayanmu na lura warin tsuika bai rabu da mu ba.

"Gavrila, ka kurɓa ne?"

"Na rantse da 'ya'yana, Domnika, ko ɗigo!"

Na yage rigar ulun yaron, na yage ta ciki. Tsummoki ne naɗe da ƙirjinsa da cikinsa, har cikin safa, duk sun jiƙe sharkaf.

"Iya! Mene ne wannan?"

"Tsuika mana, ta farkon tukunya, mai ƙarfin. Ita ke zuƙe zafi. Duk awa nake sabuntawa, ko runtsawa ban yi ba."

Da alfahari ma ta faɗa. Yaro ƙarami ta fata da numfashi yake shan giya, ita kuma ta ƙarar da sugan jininsa. Na soki yatsansa na gwada, sugan ya yi ƙasa har na'urar ta ƙi ma nuna lamba. Ina cikin watsar da tsumman ya fara fizge-fizge.

Sau uku ina neman jijiya, sau uku tana ɓace mini. Na daka wa Gavrila tsawa ya tsaya, ya taka birki a bakin wata gonar masara. Na ɗauko allurar ƙashi, wadda ake tura magani ta cikin ƙashi da ita idan jijiya ta ƙi samuwa.

"Riƙe mini ƙafarsa, Iya."

"A ƙashi? Kashe mini shi za ki yi!"

"Riƙe, na ce!"

Ta riƙe tana kiran sunan Maryamu. Na huda ƙasan gwiwarsa, bai ko yi ƙara ba, kuma wannan shirun ya tsorata ni fiye da komai. Na tura ruwan suga. Ina roƙon Allah kada ya zama ni ce zan buga wa uwarsa waya Italiya. Fizgar ta tsaya. Muka zuba masa ido.

Can sai ya yamutse fuska, ya saki wani ɗan kuka siriri. Gavrila ya fizgi mota.

Iya Paraskiva ta share hawaye da bakin ɗankwalinta. "Ba tsuikar ba ce, 'yar nan. Bakwai na haifa, duk haka na yi musu, haka uwata ta yi mana."

Raina a ɓace yake, bakina ya riga ni. "Nawa suka rayu?"

Da ma ban tambaya ba. Ta daɗe tana kallon tsumman da ke zube a ƙasan motar.

"Huɗu," ta ce a hankali. "Cewa aka yi zazzaɓi ne."