Murhun Gashi a Kan Jirgin Goggo Amabilia

Gidan maƙwabciyata Goggo Amabilia, nan garin Atlántida, Jirgi kowa ke ce masa, don ya yi kama da jirgin ruwa. Mahaifinta ya gina shi tun kafin yaƙin duniya na biyu: fari fat, tagogi zagayayyu, kusurwa a lanƙwashe, ga rufin siminti shimfiɗaɗɗe mai shingen ƙarfe inda ake tsayawa kallon teku. A ciki aka haife ta. Amma 'ya'yan ƙanenta, da yake suna da gado a gidan, sun ƙagu su sayar a rushe a dasa dogon bene.

Mafita ɗaya ce, hukumar gine-ginen tarihi ta sa shi cikin gidajen da doka ta hana rushewa. Sharaɗinsu kuwa, a same shi yadda maginin farko ya bar shi. Na yi ta zarya ofishinsu a babban birni Montevideo har takalmina ya cinye. Da aka ce wata mai zanen gine-gine, Malama Zulma, za ta zo dubawa ran Asabar, unguwa ta kaure da murna kamar mun ci kofin ƙwallo.

Sai jikana ya kwanta zazzaɓi, na tafi jinya, ban dawo ba sai safiyar Asabar ɗin. Ina saukowa daga bas na hango hayaƙi na tashi a kan Jirgi, daga wani jan bututun bulo da ban san da shi ba.

"Heber!" na ƙwala wa mijina kira. "Me nake gani haka?"

Ya leƙo daga sama da wuƙa a hannu, baki har kunne. "Murhun gashi ne, Nibia! Jiya muka gina ni da su abokina Ademar. Baƙuwa tun daga birni, mu tarbe ta da biskit? Baban Goggo mantawa ya yi da murhu, muka cika masa."

"Kuka cika masa! Wayyo ni, na auri gwani! Cewa aka yi kada a taɓa ko ƙusa!"

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, amma babu lokacin faɗa. Allah ya taimaka simintin bai gama kamawa ba. Na shiga buga ƙofofi, kan ka ce me unguwa ta fito, muka jeru a matattakalar gidan mai murɗewa, bulo na bin hannu hannu har titi. Garwashi aka sauko da shi a bokiti. Haƙarƙarin saniya kuwa aka shimfiɗa shi kan ƙarfen tsohon gado a bakin hanya, Heber na biye da shi yana, "A hankali, jama'a, bai ji wuta ba tukuna!" Muna haki, muna dariya, yara na ihu.

Ana sauke bulon ƙarshe motar Malama Zulma ta tsaya. Ta zaga ɗakuna tana shafa bango, tana jinjina kai, har ta hau sama. Nan ta yi turus a gaban wani ɗanyen tabo mai kusurwa huɗu.

"Wannan fa?"

Ina laluben ƙarya Goggo ta riga ni, ta zayyane mata gaskiya tsaf.

Matar nan ta yi dariya har ta riƙe shingen ƙarfe. "Goggo, duk gaɓar tekun nan ban taɓa hawa rufin gidan wancan zamani ban tarar da murhu a kansa ba, sai yau. Ku goge tabon nan. Jirginku zai shiga cikin gidajen tarihi."

Ihun da muka yi ya kai bakin ruwa. Goggo ce kaɗai ba ta yi ba. Ta dafa shingen da hannu biyu tana kallon teku, sannan ta juyo gare ni.

"Nibia, kira min 'ya'yan ƙanena. Ce musu su daina nema min ɗakin da zan koma, daga gidan ubana za a ɗauki gawata."