Tulin Duwatsu a Hanyar Hatta

Da zafin Dubai ya lafa a watan Nuwamba, ni da Mahamadou, abokin aikina a wani sito a Al Warsan, muka tafi garin Hatta yawon hawan dutse. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyarsa a Tawa. Bai samu hutu ba, aka binne ta ba ya nan, kuma tun daga ranar bai ƙara ambatonta ba.

Muna cikin hawa sai ya tsaya gaban wani tulin duwatsu a bakin hanya, ya tuɓe takalmansa.

"Yaya Aminullahi, kabari ne," in ji shi. "Haka ake jera su a garinmu. Bawan Allah, shi kaɗai a nan."

Na san ba kabari ba ne. Masu yawon dutse ne ke tara su don kada mutum ya ɓace. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga ya riga ya ɗaga hannuwa.

"Allah ka jiƙan wannan bawa naka. Allah ka jiƙan Inna."

Sai kuka ya ƙwace masa. Na tuɓe nawa takalman, na tsaya gefensa ina cewa amin.