Ɓangaren Hagu

Ranar da shugaban mawaƙan coci ya dawo masa da aikin, Shikuku bai ji haushi ba, bai kuma ji kunya ba. Mutumin ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ƙi ko zama, ya ce a duk waƙoƙin da aka naɗa muryoyin mata sun danne na maza, sai ka ce an kori mazan waje an rufe ƙofa. Kwamiti ya ba shi zuwa Lahadi ya gyara. In bai gyaru ba, akwai wani matashi a unguwar Umoja mai sabuwar kwamfuta, kuma ya daɗe yana zawarcin aikin. Shikuku ya ce to. Ya raka baƙon har bakin titi, ya dawo ya zauna yana kallon bango.

Shi dai da kunne ya ci abinci duk rayuwarsa. Da kiɗan makoki ya fara a ƙauyukan Kakamega, inda ake kwana ana rawa kafin a kai mutum makwancinsa. Wayar na'urarsa gajera ce, saboda haka teburinsa kullum a jikin tarin lasifika yake, lasifikar kuma kullum ta hagunsa. Daga nan sai Nairobi, ya ɗaura wa motocin haya, waɗanda ake kira matatu, kiɗa, ya yi bukukuwan aure har gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukar kaya. Aikin cocin nan shi ne na farko da yake yi a zaune, ana biyansa duk wata. Da shi ake biyan hayar gida a unguwar Kayole, da shi 'yarsu Nekesa take makaranta. Mutumin da ya haura hamsin ba ya samun irin wannan sau biyu.

Ya ɗauko tsohon hedifon ɗinsa, wanda baƙin salatif ya fi roba yawa a jikinsa, ya ajiye a gaban matarsa Naliaka.

"Ga ɓarawon nan, Maman Nekesa. Ɓangaren hagu ya mutu. Matan a hagu suke, ni kuwa ina ta ƙara musu murya ban sani ba."

Naliaka ta dubi hedifon ɗin, ta dube shi. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da kuɗin adashinta, shilin dubu huɗu, ta zagayo ta damansa ta sa masa a hannu.

"Kada ka sayo na banza, kada kuma ka je kana kallon na masu mota."

"Ni za ki koya wa sayen hedifon?"

"A'a, ni wa? Je ka dawo."

A cikin matatu kiɗa yana dukan ƙirji kamar kullum. Da can Shikuku ba ya iya zama a mota bai gano lasifikar da ta fashe ba, har ya faɗa wa kwandasta ko ba a tambaye shi ba. Yau ya jingina kai da gilashi, gari yana wucewa, shi kuma kamar an ba shi aron jikin wani.

Titin Luthuli kuwa, kowa ya san shi da kayan lantarki. Kowane shago da lasifikarsa a waje, kowane mai shago ya rantse nasa ne na asali, na maƙwabcinsa jabu. Wani saurayi ya ja shi da hannu ya nuna masa na ɗari biyar, kwali mai ƙyalli kamar kayan lefe. Shikuku ya auna shi a tafin hannu, ba nauyi ko na ƙwai. Araha ba ta ado, amma ya gwada don kada a ce bai gwada ba. Sautin kamar daga cikin bokiti, hagun kuma babu labari. Ya ajiye ya wuce. A wani shago mai sanyin na'ura ya sa aka ciro masa na dubu goma sha biyar, yana sane ba saya zai yi ba. Kumfar ta kwanta a kunnensa luf, daman ya fito tas, hagun can nesa. Ya miƙa musu kayansu ya ce ashe har masu tsadar ma an fara cuta. Yaron shagon ya bi shi da kallo.

Laifi tudu ne. Da wani ne ya zo wa Shikuku da labarin nan, da tun a shago na biyu ya gaya masa gaskiya.

A wani lungu, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da caja, ya tarar da wata mata a cikin shago ɗan ƙarami, tana tsoma mandazi, wani irin fanke, a shayi. An rubuta Nyokabi a saman ƙofar da jan fenti.

"Kawu, shigo mana, kallo kyauta ne. Nawa ka riƙo?"

"Ke fa kin iya gaisuwa."

"Gaisuwa ba ta biyan haya. Faɗa min aljihunka in faɗa maka kunnenka."

Ya faɗa mata. Ta goge hannu a zani, ta jero masa guda uku a kan gilashi.

"Wannan ba waya, da caji yake. Samari suna rububinsa."

"Ranar da cajin ya ƙare ina tsakiyar aiki fa? Ke za ki zo ki rera min? Ɗauke."

"To wannan. Ka ji dukansa, har haƙori yake kaɗawa."

"Na masu matatu ne. An cika masa ganga don a ɓoye ƙarya. Muryar mutum nake so in ji, 'yata, ba girgizar ƙasa ba."

Ta yi dariya. "Yau na haɗu da gamona. Sai na ukun ke nan, shi ba ya da kwalliya, shi ya sa yake kwana a nan."

Baƙi ne, ba ƙyalli ko kaɗan. Shikuku ya lanƙwasa bakan a hankali, bai yi ƙara ba. Ya naɗe shi, ya ga zai shiga aljihun jaka. Ya matsa kumfar da babban yatsa, ta dawo. Ya duba gindin waya, inda duk hedifon yake fara mutuwa, sai ya ga wayar cirewa ake yi, in ta lalace a sayi wata. Hannuwansa suna yin aikinsu yadda suka saba, shi yana kallonsu kawai.

"Bari in sa maka waƙa," in ji Nyokabi.

"Ba a gwada kaya da waƙar mai kaya."

Ya jona a wayarsa, ya kunna waƙar cocin da aka dawo masa da ita. Mazan suka shigo ta dama, kowace murya a wurinta, har numfashin wani tsoho mai babbar murya a cikinsu ana ji. Kayan kirki ne, ya san haka tun layin farko. Matan kuma suna can ta hagu, siriri, kamar daga gidan maƙwabta.

"Hagun ya raunana. Kawo wani kwalin."

Ta kawo. Ta yage ledar a gabansa. Ya sa, ya saurara, ya cire.

"Shi ma."

"Haba Kawu! Biyu a jere?"

Ta karɓa ta sa a kanta. Nan take ta yamutsa fuska ta janye ɓangaren hagu daga kunnenta.

"Wayyo! Matan nan za su fasa min kai. Wane mugun ne ya haɗa wannan?"

"Ni ne."

"Au. To sannu."

"Kin ga, yarinya, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. In na ce hagu ya mutu, ya mutu. Duk titin nan kwantena ɗaya kuke saye."

Ya faɗi maganar ba zafi, kamar mai karanta allon talla. Nyokabi ta buɗe baki za ta rama, don ba a bar ta a baya ba wajen baki, sai ta fasa. Ta dube shi sosai. Ta zagayo daga bayan gilashin, ta juya hedifon ɗin, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, ta miƙe a kan yatsun ƙafa ta ɗora masa a ka.

"Sake kunnawa."

Ya kunna.

Matan suka faɗo masa a kunnen dama kamar an ɓalle famfo. Ƙara ce mai zafi, har tana tsagewa a sama, irin aikin da in ɗan koyo ya kawo masa zai ce ya koma gida ya yi noma. Abin da shugaban mawaƙa ya ji ke nan, abin da kwamiti ya zauna ya saurara ke nan. Mazan kuwa, da suka koma hagu, sun ɓace. Ya nemi tsohon mai babbar murya, bai same shi ba.

Ya bar waƙar ta kai ƙarshe. Bai san me ya sa ba. Mutane suna wucewa a lungun, mai gyaran waya yana musu da wani a kan gilashi, shi yana tsaye da hedifon a juye. Ya jira ya ji wani abu a ransa, tsoro ko baƙin ciki, ba abin da ya zo.

Nyokabi ta turo masa kujerar roba da ƙafa.

"Zauna, Kawu. In zuba maka shayi?"

"A'a."

"Wataƙila datti ne kawai. Ƙanen babana haka ya yi, aka wanke masa a asibiti, yanzu har gulmar da ba a yi da shi ba yana ji."

"Wataƙila."

Su biyun sun san ba datti ba ne. Ya cire hedifon ɗin, ya naɗe shi da kyau, ya mayar a kwali.

"Nawa?"

"Dubu huɗu. Amma Kawu, ba dole..."

"Kayan kirki ne. Sa min a leda."

Ya miƙa mata kuɗin duka. Ta tsaya riƙe da su, ranta a ɓace, don a titin nan wanda bai taya ba ko mahaukaci ne ko mara lafiya.

"Haka ake yi? Ba za ka ce komai ba? To ni na taya maka. Ungo ɗari biyar, ka hau mota."

Da la'asar ya isa gida. Naliaka tana yanka ganyen sukuma na miya a tsakar ɗaki, ruwan ugali, tuwon masara, yana kan wuta. Ya zauna a gaban teburin aikinsa ya ajiye ledar. Ta wanke hannu, ta ɗauko kujera. Wurin da yake fili ta hagunsa ne, kusa da ƙofa, amma sai ta ɗaga kujerar ta zagaya bayansa, ta matse tsakanin tebur da bango, ta zauna ta damansa.

Sai a lokacin ya gani. Ya tuna yadda ta sauya gefen gado, wai iskar taga tana sa mata mura. Ya tuna hanyar coci, yadda take tsallakowa ta damansa ko da nan ne gefen kwata. Ya tuna Nekesa ma, in ta zo hutu, ta dama take kawo masa magana.

"An samu?" in ji Naliaka.

"An samu. Mai kyau ne."

"To madalla."

"Maman Nekesa. Tun yaushe?"

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Tun Kirsimeti."

"Kika yi shiru."

"Ban yi shiru ba, Baban Nekesa. Na faɗa maka, ba sau ɗaya ba. Lokacin ina kwana ta hagunka."

Ruwa ya fara tafasa a tukunya, babu wanda ya tashi. Shikuku ya kunna kwamfuta, ya buɗe waƙar farko, ya ciro sabon hedifon ɗin daga kwali. Ya duba alamar hagu da dama, sannan ya ɗora a kan matarsa, ya gyara mata shi a kan ɗankwali. Ita da ko rediyo ba ta iya kamo tasha.

"Me zan yi?"

"Zan riƙa rage matan. In kin ji sun yi daidai da mazan, ki ɗaga hannu."

Ta rufe ido. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin ya ja ƙasa kaɗan, ya dube ta. Ya ƙara ja. Ya wuce inda yake zaton za ta tsayar da shi, ya wuce inda ya ce a ransa ba zai yiwu a wuce ba. A nan ne tsoron da ya ƙi zuwa tun safe ya iso. Ya ci gaba da ja. Hannun Naliaka yana nan a kan cinyarta, bai motsa ba tukuna.