Rabin Wasan Tavi Grozea

Ƙanena Tavi ya zama mai tsaron raga ne saboda ba ya iya gudu. Tun yana ƙarami gabjeje ne, ga tumbi ga tafin hannu kamar faifai. In yaran unguwa suka raba ƙwallo a filin bayan coci, sai su tura shi tsakanin duwatsu biyu su ce ya tsaya nan ya tare hanya. Bai taɓa jin haushi ba, don a raga mutum yana da lokacin surutu, kuma duk gidanmu ba wanda ya kai shi baki. Babanmu Toader, wanda ya ƙare ƙarfinsa a injin tsaga katako na garinmu, yakan ce da da surutu ake tsaga itace, da tuni ya bar wa yaron aikin ya huta.

Kafin ya kai ashirin tumbin ya zube, tsawo ya zo, kulob ɗin garinmu, Cerbul, ya ɗauke shi. A rukuni na uku muke a lokacin, filinmu kuma rabinsa ciyawa rabinsa taɓo. Ni, yayarsa Viorica, a bakin ƙofar filin nake sayar da gasasshiyar masara da irin furen rana, kuma daga can ina jin muryarsa yana ba 'yan bayansa umarni, yana yi wa 'yan gaban abokan hamayya ba'a, wani lokaci har da tambayar alƙalin wasa lafiyar surukarsa. Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Sandu, ɗan baya kuma amininsa. Sandu ya rama ta hanyar koyon kwaikwayon murya. Ya iya muryar Tavi, ya iya ta fadan coci, ya iya ta magajin gari, har ya taɓa sa Tavi ya sa kwat ya je ofishin magajin gari karɓar lambar yabo da babu ita.

Wata kaka gasar kofi ta haɗa mu da wani babban kulob na Bucharest. Suka zo da motarsu mai ƙyalli, aka yini ana ruwa. Sun ci mu ɗaya, amma sai da suka gaji da bugu. Tavi ya tare da hannu, ya tare da gwiwa, ya tare da ƙeya, ya fito kamar wanda aka tono daga rami. Ba a rufa wata ba suka aiko a saye shi. Baba ya raka shi tashar jirgin ƙasa, ya ba shi shawara guda, wai a birni ya riƙa rufe baki.

A Bucharest bai samu damar buɗe shi sosai ba. Akwai wani gola a gabansa, gwani ne kuma ba ya ciwo, ko mura ba ta kama shi. Tavi ya yi shekaru a benci. In ya zo hutu yakan ce ba bencin da bai sani ba a ƙasar nan, kuma a matsayinsa na ɗan mai katako zai iya faɗa maka wanda aka yi da itace mai kyau da wanda aka ha'inci jama'a. Muna dariya, amma ni na san abin yana cinsa. Suka ba da aronsa ga wani kulob a Arad, ya yi rawar gani, suka dawo da shi benci. Daga ƙarshe ya tattara ya tafi Cyprus.

Can ya yi wasa sosai, rana ta gasa shi, ya kuma haɗu da Rodica, 'yar wajen Bacau da ke aiki a wani otal. Ita ce mace ta farko da na ga ta ce masa ya yi shiru ya kuma yi. Daga Cyprus suka wuce Turkiyya, inda gwiwarsa ta dama ta tsage aka yi masa aiki. Ya dawo gida ya haura talatin, da mata, da 'ya'ya mata biyu, da ɗan ɗingishi. A kasuwa kowa yana cewa Tavi ya gama, sai dai ya buɗe shagon sayar da taya.

Sai ya koma Cerbul. Sandu yana nan, kansa ya yi sanƙo. Suka ba Tavi kyaftin, ya riƙa yi wa yaran ihu har suka koyi tsayuwa, kuma abin da garinmu bai taɓa mafarki ba ya faru: muka hau rukuni na ɗaya. To, a can ne aka yi ta yi mana ruwan ƙwallaye. Kowane mako manyan kulob suna zaune a gaban ragarmu, Tavi yana tsalle hagu da dama. Saboda raunin 'yan wasanmu, ba golan da ya kai shi aiki a ƙasar, kuma duk daren Lahadi sai an nuna shi a talabijin. Shi da kansa yakan ce Sandu ne ya yi masa suna, don da Sandu ya iya tare mutum da ba wanda zai san akwai Tavi.

Wata Lahadi da rana muna gidan Inna ana cin abinci. Baba ya riga ya rasu a lokacin. An juye mamaliga, tuwon masararmu, a kan katako, ga cuku, ga sarmale, naman da ake naɗewa a ganyen kabeji, yana tururi, wayar Tavi ta yi ƙara. Ya ɗauka baki cike. Mai kiran ya ce shi ne kocin ƙungiyar ƙasa, golansa biyu sun ji rauni, yana son Tavi ya zo sansani don wasan sada zumunta da za a yi a Cluj. Tavi ya ƙifta mana ido, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Sandu, wannan karon ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma kocin ya fi ka shaƙaƙƙiyar murya, kamar akuya ta haɗiye ƙashi. Ƙara gwadawa."

Mai kiran ya maimaita maganarsa a hankali. Tavi ya ce zai zo, amma da sharaɗi: a ba shi ɗaki mai kallon teku a Cluj, garin da ba teku ko kusa, kuma kocin ya daina sa wannan jar hular da ke sa shi kama da zakara. Yana cikin haka aka turo ƙofa. Sandu ne ya shigo rungume da kankana, yana tambaya ko an rage masa sarmale.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Tavi ya miƙe tsaye, cokali ya faɗi, ya shiga cewa ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Rodica ta karɓe wayar ta ba da haƙuri, ta ce mijinta ya sha buguwa a ka a wajen aiki. Muka ji kocin yana dariya har da tari. Ya ce a gaya masa ya iso ranar Talata, hular kuma tana nan daram.

Gari ya ɗauka. Kawu Mitica, ƙanen Inna, ya shirya motar haya babba, aka cika ta da mutane da tutoci da kwandunan abinci. Abin mamaki shi ne Inna. Ba ta taɓa kallon wasansa ba, ko a talabijin. In an fara sai ta shige lambu ta ce ba za ta zauna tana kallon ƙatti suna harbin ɗanta ba. Ranar sai ga ta da ɗankwalin zuwa coci da jaka a hannu, ta hau ta zauna a gaba. Ba wanda ya tambaye ta. Muka ƙetare duwatsu ana waƙa, Kawu Mitica yana zagayawa da kwalbar tuica, giyar da ake yi a gida, yana cewa maganin jiri ne.

Da aka yi taken ƙasa, na hango Tavi a layin 'yan benci, cikin rigar ƙasa, yana rerawa da ƙarfi fiye da kowa, hawaye har haɓa. Rabin farko a zaune ya yi shi. Wani yaro ne ya tsare raga, muka ci ɗaya. Inna ta tambaye ni ko wannan ne aikin da ya yi a Bucharest, na ce shi ne. Ta ce to ai ba laifi, aiki ne mai lafiya.

Da aka dawo daga hutu sai ga shi yana tafe zuwa raga yana ɗaura safar hannu. Ɓangarenmu ya rikice. Sauran 'yan kallo suna waiwayen mu, suna mamakin ƙauyawan da ke ihu a kan canjin gola. Sai dai kuma baƙin sun ƙi kawo hari. Ƙwallo tana can gidansu, Tavi yana tsaye shi kaɗai kamar mai gadin gona. Amma bakin yana aiki. Daga inda muke muna jinsa yana daka wa 'yan bayan tsawa, mutanen da ke wasa a Italiya da Jamus, yana kiransu da sunayen da ya laƙa musu a sansani. Da wani ya mayar masa da ƙwallo baya ya taɓa ta karon farko, muka tashi muka yi tafi kamar an ci kofi.

Ana dab da tashi aka samu bugun kwana a kanmu. Ƙwallo ta faɗo cikin cunkoso, ta zille, ta tsaya gaban wani dogon ɗan gaba, ba kowa tsakaninsa da raga sai Tavi. Ya ɗirka ta da duk ƙarfinsa. Tavi ya baje hannu da ƙafa ya yi kansa, ƙwallon ta same shi tsakiyar fuska ta yi sama ta fita. Ya faɗi warwas. Inna ta damƙe hannuna har na ji ƙashi. Likita ya ruga, ya duba, ya yi wa benci alamar canji. Tavi ya tashi zaune, jini har ƙirji, ya kama hannun likitan ya sauke. Aka cusa masa auduga a hanci, ya koma raga, ya ci gaba da ba da umarni da wata irin murya kamar agwagwa. Haka aka tashi, ɗaya da nema.

Muka jira shi a bayan fili. Ya fito hanci kamar dankali, idanu sun fara baƙi, yana murmushi. Inna ta kama haɓarsa ta juya fuskar hagu da dama.

"Octavian, shekara nawa kana wannan aiki?" ta ce, tana kiransa da cikakken sunansa. "An ba ka safar hannu, ga hannuwa Allah Ya ba ka kamar shebur, sai ka tare da hanci?"

"Inna, shi ya fi kusa."

"Ubanka ma haka yake da taurin kai." Ta buɗe jaka ta ciro sarmale a naɗe cikin tawul, da sauran ɗuminsu. "Ci. Ka yi kyau a rigar."

Kocin ya zo wucewa, da jar hularsa, ya tsaya ya gaida Inna ya sumbaci hannunta. Ya ce mata ɗanta jarumi ne, amma sansanin bai yi barcin rana ba tun da ya zo. Inna ta ce ya gode wa Allah, shi mako guda kawai ya yi da shi.

Ba a sake kiransa ba. Golan nan biyu suka warke, ga yara na tasowa. Da lokacin kira na gaba ya zo na lura yana yawan duba waya, ya yi kwanaki ba walwala. Wata safiya ya zo rumfata ya ɗauki masara bai biya ba, ya ce, "Yaya, kin san a tarihin ƙungiyar ƙasar nan ba a taɓa cin Tavi Grozea ko ɗaya ba?" Na ce na sani, ya ajiye min masarata. Daga nan ya warware.

Ya ƙara kaka biyu da Cerbul. Mun faɗo rukuni na biyu, gwiwar kuma ta fara kumbura bayan kowane wasa, Rodica ta ce ya isa. Kulob ya ba shi aikin horar da masu tsaron raga, aikin da ake biyansa don ya yi magana.

Wasansa na ƙarshe a gida aka yi, fili ya cika har kan katanga. Muna gaba da ci biyu aka ba mu fenariti, jama'a suka fara kiran sunansa. Sandu ya ɗauki ƙwallon ya tafi har tsakiyar fili ya miƙa masa. Tavi ya tako a hankali, ya ajiye ta, ya tsaya yana gaya wa golan baƙin ɓangaren da zai buga, har alƙalin wasa ya ce ko ya buga ko ya ba shi kati. Ya ja baya, ya rugo, ya narka mata ƙafa. Ƙwallon ta haye raga, ta haye 'yan kallo, ta haye katanga, ta faɗa lambun Gwaggo Safta, maƙwabciyar filin, ta kakkaɓo mata 'ya'yan itace. Filin ya fashe da dariya, golan baƙin ya zo ya rungume shi.

Washegari Tavi ya je da kansa roƙon ƙwallon, don yana so ya ajiye ta. Gwaggo Safta ta ce abin da ya faɗo lambunta nata ne, amma in yana so ya gyara mata shingen da ya karkace, sai ta yi tunani. Ya yini yana kafa itace, tana zaune a kujera tana gaya masa inda ya yi ba daidai ba. Da yamma ta ba shi kofi da kwalbar zuma, ta ce ƙwallon kam jikanta ya riga ya tafi da ita can garin Suceava.