Santsin Sabuwar Taya

Ranar da aka dawo da babur ɗin daga gyara, maigidana yana kwance a kan katifa da ƙarfe a cinyarsa. Ya ce in ɗaga labule ya gan shi. Na ɗaga. Ƙaninsa Auta ne ya turo shi har bakin ƙofa, ya kafe shi, ya ja da baya yana kallonsa kamar wanda aka kawo wa amarya.

"Yaya, dubi ƙafar nan," in ji Auta, yana shafa tayar gaba. "Fil take. Ko gashinta bai zube ba."

Maigidana ya yi murmushi, abin da rabon da in gani tun kafin ya faɗi.

Aikinsa kai saƙo ne, daga shaguna zuwa gidajen mutane, kuma ya fi shekara goma a kan babur. Washegarin ranar da ya canza tayar baya ya faɗi, a kwanar gidan mai da ke ƙarshen layinmu, kwanar da yake sha kullum ko ido a rufe. Ba ruwa aka yi ba, ba gudu yake ba. Ya ce babur ɗin kawai ya fice daga ƙarƙashinsa. A faɗuwar tayar gaba ta yage, shi ya sa aka sa sabuwa. Yanzu ta gaba sabuwa ce dal, ta baya kuma kwana ɗaya kacal ta yi a titi.

An riga an yanke shawara: Auta zai riƙe aikin har yayansa ya miƙe, kuma shi zai riƙa kai 'yarmu makaranta. Shekararta huɗu, muna ce mata Ɗigo saboda ƙanƙantarta da aka haife ta. Ni a ɗakin wanki na wani otal nake aiki, dole in shiga da sassafe, makarantarta kuwa tana can ɗaya ɓangaren gari. Dama ubanta ke kai ta, a zaune gabansa kan tankin mai, ta riƙe madubi da hannu bibbiyu.

Ban iya barin abu ban gane shi ba. Ran Asabar, da na taso daga aiki, na biya wajen mai facin da ya sa tayoyin. Na same shi yana nutsa tub ɗin taya a cikin bahon ruwa yana neman inda iska ke fita.

"Baba, sannu da aiki. Ni ce matar mai kai saƙon nan da ya karye."

"Ayya, 'yata. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Tambaya na zo yi. Tsohuwar taya ta suɗe kamar tafin hannu ba ta kada shi ba. Me ya sa sabuwa ta kada shi?"

Ya goge hannu a rigarsa, ya ɗauko wata sabuwar taya daga ƙusa, ya ce in shafa. Na shafa. Sumul take, da wani ɗan maiƙo kamar an goga mata kyandir.

"Haka suke fitowa," ya ce. "Sai kwalta ta ci wannan fatar kafin ta fara kama ƙasa. Tsakiyar ba ta daɗewa, tunda a kanta ake tafiya. Gefen ne matsala. Ba ya taɓa titi sai an kwanta a kwana, ranar da mutum ya kwanta da yawa kuwa, a kan santsi ya kwanta. Balle da safe, roba ba ta yi ɗumi ba."

"To me ake yi?"

"Lallaɓawa. Kwanaki ana binta a hankali. A rage gudu tun kafin kwana, kada a danne birki a cikinta, kada a murɗa mai da ƙarfi. Yau a ɗan karkata, gobe a ɗan ƙara. A riƙa duba iska. Kuma kada a shafa mata man ƙyalli. Na faɗa wa mijinki, na faɗa wa ƙanin. Sun ce to."

"In na goge ta da samfefa fa, takardar nan ta goge katako?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Zai ɗan rage. Amma magani yana hannun mai tuƙi."

Mai tuƙin kuwa Auta ne. Tun da na shigo gidansu, ni da shi ba mu taɓa yin maganar da ba wasa ba. Yana ce mini matarmu, ina ce masa angon bashi. In na ce abinci ya ƙare sai ya buɗe tukunya, in ya ce zai sake ni sai in ce a kawo takarda. Shekara biyar muna haka, ban san wata rana zan buƙaci ya ji ni da gaske ba.

Na same shi da yamma yana cin abinci a kan benci. Na zauna, na zayyana masa duk abin da mai faci ya ce, ban rage ko ɗaya ba.

"Iko sai Allah," ya ce. "Yaya! Fito ka ji, matarmu ta buɗe gareji."

"Auta, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Nawa ne canjin baƙin mai a wajenki?"

"Ɗigo za ka ɗauka."

"To Ɗigo ba 'yata ba ce? Ke ko keke kin taɓa hawa? Kwana ai ba a lallaɓa ta. In ka ji tsoronta, nan take za ta kada ka."

Na kama hannun rigarsa. Ya dubi hannuna, ya fashe da dariya, ya ce a gaban yaya nake riƙe shi, ba ruwansa.

Na shiga wajen maigidana. Na yi zaton shi da ƙashinsa ya shaida zai fahimta. Ya saurare ni yana kallon silin.

"Mai ne ya zube a wurin," ya ce.

"Ka ce ba ka ga mai ba."

"Ban gani ba, amma akwai. Shekara goma ina tuƙi, sai a ce ban san taya ba? Maman Ɗigo, abin da Allah ya rubuta ne. Kada ki sa wa yaron nan tsoro, shi ke ciyar da mu yanzu."

"Ka ce masa ya rage gudu a kwana. Kalma ɗaya. Daga bakinka zai ji."

"Zan faɗa masa."

Da Auta ya leƙo, abin da ya faɗa masa shi ne, "Ka ji dai, a yi a hankali, kada injiniya ta kai mu ƙara." Suka yi dariya tare. Maigidana ya daɗe bai yi dariya ba, sai na ƙyale shi.

Ran Lahadi da hantsi, Auta ya tafi kallon ƙwallo. Na sayo samfefa, na kaɗa ruwan sabulu a bokiti, na durƙusa gaban babur ɗin. Na wanke tayoyin, na bi gefe da gefe ina gogewa, in tura babur ɗin gaba kaɗan in ci gaba. Ɗigo ta tsuguna kusa da ni tana tsinke 'yan gashin robar tana tarawa a murfin kwalba. Sai da yatsuna suka yi ja, ƙyallin ya dushe, robar ta yi toka-toka. Na shafa, na ji ta ɗan yi kaushi. Ban ce na gama magani ba, amma na samu na ci abinci a ranar.

Litinin da safe na fito da Ɗigo cikin kayan makaranta. Auta yana tsugune da tsumma da wata 'yar kwalba. Tayoyin sun yi baƙi ƙirin, suna sheƙi har gefe.

"Wani ɗan baƙin ciki ya kankare mini taya jiya," ya ce, yana kashe mini ido. "Amma na gyara. Ranar farko a aiki, ai sai a fita fes."

Ya miƙo hannu zai ɗauki Ɗigo, ita ma ta ɗaga hannuwa. Na fizge ta na saɓa a kafaɗa.

"Matarmu, lafiya?"

Na fita da ita a ƙafa. Babu motar haya da ke bi ta wajen makarantarsu daga unguwarmu, sai an shiga cikin gari an sake fitowa. Na goya ta, jakarta a hannuna, tana kuka tana cewa ita babur take so. Da muka isa an riga an rufe ƙofa, sai da na roƙi mai gadi. Daga nan na juyo na nufi otal.

Na tarar zannuwan gado sun taru har bakin injin, abokiyar aikina tana ta fama ita kaɗai, ko kallona ba ta yi ba. Madam, shugabarmu, ta kira ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na san halin da kike ciki. Lokacin da mijinki yake asibiti na rufa miki asiri, kin sani. Amma na sama sun fara tambaya. Gobe in ba ki nan a kan lokaci, ba ni da abin da zan ce musu."

"Madam, sati ɗaya kawai nake roƙo. Kafin tayar ta..." Na katse, don na ji yadda maganar za ta fito.

"Tayar me?"

"Ba komai."

Da la'asar maƙwabciyarmu ta ɗauko Ɗigo tare da nata yaran, kamar kullum. Na tambaye ta ko za ta iya kai ta da safe ma. Ta ce nata yaran mijinta ke kai su a babur, su uku, ko allura ba ta da wurin zama.

Auta ya dawo gab da magariba. Wandonsa ya yage a gwiwa, fatar wurin ta saluɓe, madubin hagu ya karkace. Yana shigowa ya ɗaga hannu.

"Kafin ki ce komai, ban faɗi ba. Zama na yi."

"A ina?"

"Shataletalen kasuwa. Tayar ta ɗan zame, na sa ƙafa. Ko saƙo ɗaya bai fashe ba."

Na ɗauko ruwan ɗumi da auduga na wanke masa ciwon. Na ce a raina, yanzu kam ya ji a jikinsa.

"Ka gani ko, Auta?"

"Na gani mana. Bakinki ne. Tun shekaranjiya kike kira mata faɗuwa." Ya ja iska ta haƙora da audugar ta taɓa shi. "Kuma ai shi ke nan, ta yi na farko ta huce. Taya sau ɗaya take gwada mutum."

Daga ciki maigidana ya ce, "Madubin nan a miƙe shi kafin gobe, shi Ɗigo ke riƙewa."

Na shiga na tsaya a kansa. Ya kau da fuska. "In kika rasa aikin nan," ya ce a hankali, "da me za a sayi maganina? Ki faɗa mini, in akwai wata hanya."

Na duba ko'ina a cikin kaina. In ta zauna a gida, mutumin da ba ya iya tashi ba zai tsare yarinyar da ke hawa kan komai ba, ga risho, ga rijiyar tsakar gida.

Da safe na riga kowa fita, na sake wanke tayoyin da sabulu, na danna su da babban yatsa in ji ko da iska. Abin da na iya ke nan. Na sa wa Ɗigo wando mai kauri a ƙarƙashin kayan makaranta, da rigar sanyi duk da ana zafi. Hular kwanon ubanta ta rufe mata har hanci, na cusa ɗankwali a ciki don ta zauna, na ɗaure igiyar.

Auta ya tada babur. Na ɗora ta kan tankin da hannuna.

"Auta, don girman Allah. Kwanar gidan mai."

"An gama, ranki ya daɗe, shugabar makanikai."

"Mama, bai-bai," in ji Ɗigo daga cikin hular.

Hanyata hagu ce, tasu dama. Na riga na makara, don haka na juya na fara tafiya, ina jin ƙarar injin a bayana tana ƙaruwa, giya bayan giya. Na san daidai inda ya kamata ta sauka in zai rage gudu. Ba ta sauka ba. Wata babbar mota ta wuce ta gabana ta shanye duk wani sauti, da ta wuce kuma ban ji komai ba, ko injin ko wani abu. Na ciro wayata na riƙe a hannu ko za a kira ni, na ci gaba da tafiya.