Alamar da Yaya Ya Ƙirƙiro

Kwamfutar shagonmu ta mutu ana tsakiyar karɓar kaya. Shagon wanki da guga ne, na Mama, ni kuma aikina in zauna a kanta in liƙa wa kowace riga 'yar takarda mai ɗauke da sunan mai ita, da irin tufar, da ranar karɓa. Manhajar da ke buga takardun nan Yaya ne ya rubuta ta kafin aiki ya kai shi wata ƙasa.

Yaya mutum ne mai son yanke. A harshen kwamfutar da ya yi rubutun da shi akwai umarnin bugawa da ake kira printf, yana da alamominsa da kowa ya sani, wannan ta lamba, waccan ta kalma. Gogan naka sai ya ƙirƙiro tasa alamar, ya koya wa umarnin cewa duk inda ya gan ta ya buga irin tufa da launinta. To wannan gata ba ko'ina ake samunsa ba. Sai da kwamfaila irin tasa, wato manhajar da ke juya rubutu ya zama abin da kwamfuta ke ganewa, kuma sai a kan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin wadda ya saba da ita. Da an ɗan sabunta wani abu, sai takarda ta fito da shirme.

Mu kuwa shirmen nan muke jira. Yaya ba ya son waya. In ka kira shi, "Lafiya lau, ina aiki, a gaida kowa," sai ƙit. Amma ka ce masa manhajarsa ta yi gardama, nan zai baje. Ya yi ta "danna nan, karanto min can", Mama ta jingine dutsen guga ta jawo kujera, tana sako tambayoyinta a tsakani: ko yana cin abinci, ko tarin nan ya sake shi. Yana amsawa bai ma sani ba, don hankalinsa na kan aikin. A haka muka ji ya sauya gida, a haka muka ji akwai wadda yake so.

Sabuwar kwamfutar da muka samo babbar manhajarta daban ce kwata-kwata. Na kwafo rubutun Yaya daga filashi na ba kwamfailarta, ta yi tsalle ta dire ta ce ba ta san wannan koyarwar ba. Na cire layin da take ƙorafi a kansa. Takarda ta fito da suna da rana, a wurin tufa kuwa alamar ce zaune tsirararta.

Zan iya gyarawa, ai shi ya koya min. Amma ina kewar yayana, irin kewar da har haushinsa take sa ni ji.

"Mama, ta ƙi fa," na ce.

"Ta ƙi?" Fuskarta ta washe. "To me kike jira? Kira shi mana."

"Kai Mama, kaya sun taru ke kina murna."

"Rigunan gudu za su yi? Rubuta da biro kafin nan."

Na kira, ya ɗauka, na karanto masa ƙorafin kwamfailar. Ya yi dariya, dariyar da rabona da ita har na manta.

"Ai dole, Auta. Alamar nan a gida ɗaya kawai aka san ta. Wautar ƙuruciya ce. Turo min rubutun gaba ɗaya."

"Ba sai ka riƙa faɗa ina dannawa ba? Ga Mama ma a kusa."

"Taro zan shiga yanzu. Gaishe min da ita, zan kira."

Mama ta riga ta jawo kujerar. Ta tsaya riƙe da ita, sannan ta mayar da ita jikin bango.

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo tare da sabon rubutu. Ya kwashe alamarsa kaf, ya sa manhajar ta haɗa sunan tufa da launi da kanta, sannan ta miƙa wa alamar kalma da kowace kwamfaila ta sani. A ƙasa ya ce: "Na cire duk abin da ba na kowa da kowa ba. Na gwada a kwamfutoci iri-iri. Duk wadda kuka saya nan gaba zai yi aiki, ba za ku sake shan wahalar nemana a kan wannan ba."

Na gwada ina fatan ya yi kuskure ko da ɗaya ne. Takarda ta fito tsaf, suna da tufa da launi da rana, kowanne a wurinsa. Mama ta karɓa ta nisantar da ita daga ido tana karantawa.

"Ya gyaru ke nan?"

"Ya gyaru."

"To sai yaushe kuma zai sake lalacewa?"

"Ba zai sake ba, Mama. Yaya ya iya aikinsa."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta liƙa ta a wuyan rigar, ta ce in bugo ta gaba.