Rantsuwar Mai Faci

"Direba, tsaya nan," in ji Haliru Tela, da wata murya da sai ka kasa kunne za ka ji ta.

Mai Keke Napep ɗin ya taka birki daidai ƙofar lambun unguwa. Yusufa mai faci, wanda ke tallabe da kafaɗar Haliru tun daga asibitin Birnin Kebbi har Kalgo, ya kawar da kai ya zuba wa katangar tsallaken titi ido, sai ka ce yau aka gina ta.

"Yusufa, kama ni mu shiga. Zagaye guda."

"Likita ya ce ka kwanta. Gida za mu."

"Likita ya sallame ni, kai ma ka san irin sallamar da yay yi min."

"Ka san na yi rantsuwa, Tela."

"Rantsuwar ga taka ta tsuhwa har haƙora sun zube mata. Ka ciyar da mutum goma, in babu hali ka yi azumi ukku. Ba raƙumi anka ce ka yanka ba."

Dije, matar Haliru, ta yi 'yar dariya daga inda take zaune, sannan ta ja bakin mayafi ta goge ido. Yusufa ya ce wa mai keken ya ja su tafi. Ya ce wa Haliru in ya ji ƙarfin jikinsa sai a yi magana.

Rantsuwar tana da asali. Filin da ya zama lambu tsohuwar tashar mota ce. Da aka mai da tasha bakin babban titi, sai wurin ya koma juji: leda, mushen kaji, gwangwanaye, ga wani kududdufi a baya da sauro ya mai da shi gidan gado. Kowa ya watse, ban da Yusufa. A bakin filin ya bar rumfarsa ta azarar giginya, yana yi wa babura faci, hancinsa ya saba da warin har ya daina jin sa. Haliru kuwa, da ido ya yi rauni zare ya ƙi shiga allura, sai ya rasa inda zai kai hannuwansa. Shi ya bi gida gida yana cewa a kwashe sharar nan a dasa itatuwa. Matan unguwa suka fito da tsintsiya, samari da shebur, Malama Comfort ta makarantar firamare ta yi ta zirga-zirga ofishin ƙaramar hukuma har aka ba da izini. Da aka zo kewaye wurin, igiyar awo ta bi ta tsakiyar rumfar Yusufa.

Haliru ne ya zo da kansa ya ce masa ya matsa. Maƙwabcinsa na katanga ɗaya, wanda suke cin tuwo a akushi guda tun suna samari. Abin ya yi wa Yusufa ciwo matuƙa. Ya tuge azarorinsa, ya kafa su a ƙofar gidansa, ya rantse da Allah a gaban jama'a ƙafarsa ba za ta taɓa taka wurin ba. Fushin bai kai damina ba ya huce, suka koma cin tuwonsu. Rantsuwar ce ta zauna. Shi ma da gangan ya bar ta, don ita kaɗai ce shaidar cewa an taɓa yi masa ba daidai ba.

Shekaru suka shuɗe, lambu ya kama. Maɗaci da tsamiya da dogon yaro suka haɗa kai, kududdufin ya washe har balbela ta fara sauka. Duk yamma Haliru zai dawo ƙafa duk laka, ya zauna a rumfar Yusufa ya hau ba da labari: yau an ga bushiya, yau tsuntsayen marai sun fara saƙa sheƙa a kan aduwa. Yusufa zai ci gaba da goga tub, yana cewa shi bai ga abin da tsuntsu ya tsinana wa kowa ba. Amma kunnensa na wurin, kuma duk unguwa an sani.

Bayan dawowa daga asibiti, Haliru bai ƙara fita ba. Ran Laraba da la'asar Yusufa ya shiga duba shi. Ɗakin na warin man zafi, tsohon keken ɗinki na kusurwa an lulluɓe shi da zani. Haliru ya sa Dije ta ba su wuri.

"Wasiyya za ni ba ka. Randa za a ruhe ni, kar a sari icce ko guda cikin lambun ga."

"Bar wagga magana."

"Ka ji ni dai. Mu munka sa doka, ba gatari. Ranar kuwa wani za ya ce ai Tela ne, shi yad dasa, a sara mishi. In anka hwara da ni, duk wanda anka yi wa mutuwa can za ya nuhwa. Shekara biyu wurin ya koma hili."

"To mi ya sa ni? Ga 'yan kwamitinku na lambu."

"Su kunya za su ji. Kai ba ka da ita."

Yusufa ya yi dariya har da tari, Haliru ma ya taya shi iyakar ƙarfinsa. Da Yusufa zai fita, Haliru ya kama bakin rigarsa ya ce, "Maɗacin da ke inda rumhwarka take can da ya hi kowane girma. Na so ka gani."

Maganar ta bi Yusufa har gida. Washegari ya je wurin wani mai gadin asibitin sha-ka-tafi da suka saba, ya aro tsohon keken marasa lafiya da aka jingine saboda tayoyinsa sun sace. Bai gaya wa kowa ba. Ya wuni a kansa: ya fitar da tub, ya tsoma a ruwa, ya gano huda, ya shafa sholisho, ya manna faci, ya zuba wa ƙafafun mai. Zai iya tura Haliru zuwa lambu a yammacin nan, domin aikin ya ƙare tun rana na sama. Sai ya tuna rumfar mai shayi cike take da mutane a wannan lokaci, kuma za su ga Yusufa mai rantsuwa yana shiga lambu. Ya ce bari ya bari sai gobe Juma'a da sanyin safiya, kafin idanu su yi yawa.

Da safen yana ƙara wa tayar iska ya ji salatin Dije ta kan katanga.

Kafin hantsi 'yan'uwan mamaci sun iso daga Gwandu a bas, ƙanensa Usman a gaba. Aka yi wanka, aka aika masu haƙa maƙabarta. Yusufa na zaune cikin masu zaman makoki bai san me ake cewa ba, har sai da ya hangi Usman ya nufi lambu da samari biyu, ɗaya da gatari a kafaɗa. 'Yan kwamiti suna kallo, kowa ya sunkuyar da kai.

Yusufa ya miƙe, bai ko nemi takalmi ba. Ya tsallaka titi, ya shiga ƙofar lambun, ciyawa mai raɓa ta taɓa tafin ƙafarsa. Ya tarar da su a gindin wani dogon yaro suna duba reshe.

"Usman, aje gatarin ga."

"Baba Yusufa, iccen kabari muka nema. Yayana yad dasa su, shi ya hi kowa haƙƙi."

"Shi yac ce kar a taɓa."

"Wa yaj ji?"

"Ni."

Usman ya dube shi sama da ƙasa, ido jawur. "Kai da ko shigowa ba ka taɓa yi ba? Rana na yi, gawa na jira. Da mi za mu ruhe shi?"

Maganar ta soki Yusufa, don gaskiya ce. Ya haɗiye ta, ya ce, "Ku biyo ni da gatarin."

A ƙofar gidansa ya ture zanar rumfa ƙasa, ya kama azara ta farko ya girgiza har ta tugu. Samarin suka tsaya sororo, sannan suka kama masa. Aka daddatsa azarorin daidai faɗin kabari. Su aka jera a kan Haliru, aka toshe tsakaninsu da ciyawar zanar, aka bi da laka. Yusufa ya zuba ƙasa da hannunsa, sai a lokacin kuka ya ƙwace masa.

Bayan sadakar uku baƙin Gwandu suka koma. Dije ta aiko masa da fura, ya ce a yi mata godiya, yana azumi. Ba ta tambayi na mene ne ba.

Da la'asar mai shayi da jama'arsa suka ga Yusufa ya fito daga gida yana tura keken marasa lafiya, ya ɗora jarkar ruwa a mazaunin. Ya wuce ramukan da azara ta bari a ƙofarsa, ya tsallaka titi. Ya shiga ƙofar lambun. Ya bi 'yar hanyar da ƙafafun mutane suka fitar, ta gefen kududdufi, ta ƙarƙashin aduwar da sheƙunan marai ke reto, a hankali yake turawa, yana kauce wa gargada. A gindin babban maɗacin ya tsaya. Akwai wani guntun baƙin tub da saiwa ta danne, rabinsa a cikin ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi rassan. Ya juye ruwan a gindin bishiyar, ya gyara wa keken fuska, ya ƙarasa zagayen da shi babu kowa a kai.